Malam, kafin ka fita doguwar tafiya da 'ya'yan mutane

Wani malamin makaranta daga Tsauni, can ƙasar Matamaye a jihar Damagaram, ya aiko da tambaya. Yana da ɗalibai maza da mata masu son motsa jiki, wasu suna gudu a filin ƙwallo da la'asar, wasu kuma kokawa suke yi a dandali. Yana so ya fita da su tafiyar ƙafa ta yini guda a lokacin hutu, daga baya ya horar da masu sha'awa gudun dogon zango. Yana tambaya ta ina zai fara.

Malam, niyyarka ta yi kyau, kuma ina bayanka. Yaro zai gama makaranta ya san sunan kogin Nilu, amma bai taɓa taka ƙauyen da ke bayan tudun garinsu ba. Wannan gibi ne, kuma tafiya ce take cike shi. Sai dai ka riƙe abu guda tun yanzu: ranar da ka fita da 'ya'yan mutane, aikinka shi ne ka dawo da kowa gida a kan ƙafarsa. Nisan da aka ci, da wanda ya riga wani isa, duk suna bayan wannan.

Fara da zaɓen lokaci, domin rabin hatsarin yana nan. Daga Maris zuwa Mayu kada ka ko yi tunanin fita. A bazarar ƙasarmu zafi yana wuce maki 40 da rana, kuma jikin yaro ba ya jure zafi kamar na babba. Damina ma ba ta dace ba: gonaki sun rufe hanya, sauro ya yi yawa, yaran kuma iyayensu suna bukatarsu a gona. Lokacinka shi ne hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. An kawar da amfanin gona, ƙasa ta buɗe, safiya da sanyi. Ku tashi da an sallame sallar asuba, ku yi mafi yawan tafiyar kafin ƙarfe goma sha ɗaya, ku yada zango har rana ta karya, sannan ku juyo. Ranar da ka tashi ka ga hazo ya rufe gari har ba a hango bishiyar da ke bakin hanya, ka ɗaga tafiyar. Ƙurar nan tana tayar da ciwon fuka, kuma lokacin ne na sanƙarau. Ba wanda zai zarge ka don ka ɗaga. Zargi yana zuwa ne idan ka dage.

Kada ka kai yara hanyar da ba ka taka da ƙafarka ba. Mako guda kafin ranar, ka bi ta kai da wani babba. Ka san inda rijiya take, inda famfo yake, inda salula take kamawa da inda take ɗaukewa, da likitar da ta fi kusa da kowane sashe na hanyar. Babba yana cin kilomita huɗu zuwa biyar a awa a kan tsandauri. Da yara, cikin rairayi, ka lissafa uku. Tafiyar farko kada ta wuce kilomita goma zuwa goma sha biyu, zuwa da dawowa. Za su ce ta yi kaɗan. Ka bar su su koma gida suna marmarin ƙari.

Sannan izini. Ka je wurin iyaye da kanka, kada ka aika yaro da saƙo. Ka tambayi kowace uwa: yana da amosanin jini? Yana da fuka? Yana farfaɗiya? Ya yi zazzaɓi kwanan nan? Mai amosanin jini wahala da ƙishirwa suna iya tayar masa da ciwo mai tsanani, saboda haka sai da shawarar likita, kuma a kan amalanke zai yi mafi yawan hanya. Idan da 'yan mata, dole a tafi da malama ko wata dattijuwa da iyaye suka yarda da ita. Ka sanar da shugaban makaranta, da mai gari, da magajin gari, ka kuma aika wa masu garin ƙauyukan da za ku ratsa. Ku mutanen bakin iyaka ne, Daura ba ta da nisa da ku, don haka ka shata hanyarka ta yi nesa da iyaka, ka kuma tambayi jandarmomi halin da ake ciki a makon da za ku fita. Abin da suka ce shi za ka bi.

Yanzu ruwa, kuma a nan zan daɗe. Kowane yaro ya riƙe gorarsa, amma kada ka dogara da abin da za su iya ɗauka. Ka yi hayar amalanke ta biyo ku da jarkoki, ka lissafa aƙalla lita uku ga kowane mutum, da ƙarin jarka guda wadda ba ta sha ba ce, ta zuba wa wanda zafi ya kama ce. Amalanken nan ita ce motar asibitinka idan ƙafar wani ta gaza. A hunturu yara ba sa jin ƙishi saboda sanyi, alhali busasshiyar iska tana tsotse ruwan jikinsu ba tare da sun ga gumi ba. Don haka kada ka jira su roƙa. Duk rabin awa ka tsayar da su, kowa ya kurɓa. Ka koya musu duba fitsarinsu ba tare da kunya ba: idan ya yi ja kuma kaɗan ne, jiki yana neman ruwa. Ka tafi da ƙunshin gishiri da sukari irin na likita. Idan babu, ka haɗa da kanka: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri. Kada gishirin ya wuce haka.

Ruwan tabki kuwa ba na sha ba ne sai an tafasa, kuma ba na wanka ba ne ko kaɗan. Yara za su roƙe ka su faɗa ciki. Ka hana. Tsargiya ta fata take shiga, sai bayan makonni a ga jini a fitsari, a rasa daga ina ta zo.

Ka san alamun zafi ya yi wa mutum yawa. Wanda ya fara ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ko tsokar ƙafa tana ɗaurewa, ka kai shi inuwa, ka sassauta masa tufafi, ya sha ruwan gishiri da sukari a hankali, kuma tafiyarsa ta ƙare ke nan a ranar. Wanda ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko bai gane ka ba, wannan rai ne a hannunka. Ka kwarara masa ruwa a jiki duka, a yi masa fifita ba tsayawa, a nemo babur ko mota zuwa likita ana ci gaba da jiƙa shi. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa.

Maciji bai cika fitowa da sanyi ba, amma kububuwa tana kwana ƙarƙashin tarin kara da gindin kalgo. Kada yaro ya sa hannu a rami ko ya ɗaga dutse. Idan an yi sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa da igiya. A cire zobe ko munduwa, a hana shi tafiya, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa likita nan take. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma mutum yana iya zama kamar lafiya lau a awannin farko, don haka kada ka yarda da "ai ya ji sauƙi".

Takalmi: wanda ƙafa ta saba da shi, ba sabo ba. Karangiya da tsidau ba sa raga wa mai silifa, saboda haka rufaffe ya fi, da safa idan da hali. Hula ko malfa, da ƙyallen rufe hanci. Guzuri kuwa na gida ya ishe ku: fura, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, garin rogo. A fadamun ƙasarku ana noman rake, ku saya a hanya.

Tsarin tafiyar ka aro shi daga fataken da suka yi ta zirga-zirga zuwa Gwanja sayen goro. Ayari yana da madugu, yana da jagaba a gaba, kuma yana tafiya ne da saurin wanda ya fi kowa rauni. Ka sa babba a gaba, babu mai wuce shi; ka sa babba a baya, babu mai zama bayansa. Ka ƙirga kawuna duk inda aka tsaya da duk inda aka tashi. Samari masu ji da ƙarfi za su so su yi gaba. Ka ba su aiki, su riƙe jakar magani ko su taya ƙanana.

Kada ka manta kai malami ne. A zango, a inuwar gawo, ka tambaye su me ya sa itacen nan yake da ganye da rani, ya kaɗe shi da damina, kuma me ya sa gero yake yin kyau a ƙarƙashinsa. Iyayensu ne suka dawo da waɗannan itatuwa cikin gonakin Matamaye da Magarya ta hanyar barin toho idan ana sassabe, har masana daga ƙasashen waje suna zuwa gani. Ka ba su labarin Dorugu, ɗan ƙasarsu, wanda aka haifa wajen 1840 a Dambanas kusa da Kance. Yana yaro aka kama shi aka sayar, tafiyarsa ba da son ransa ta fara ba. A Kukawa ta Barno wani Bajamushe, Overweg, ya 'yanta shi, daga nan Dorugu ya bi wani matafiyi, Heinrich Barth, har Tambutu a 1853, ya isa Landan a 1855. Abin da ya gani ya faɗa da Hausa, wani Bature mai suna J. F. Schön ya rubuta, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. A Kano Dorugu ya rasu a 1912. Abin da ya sa ake karanta shi har yau shi ne ya iya lura, ya kuma iya ba da labari. Kowane yaro ya tafi da ɗan littafin rubutu da fensir, ya rubuta abu biyar da ya gani.

Maganar gudu kuma, ka bari sai an yi tafiya biyu ko uku ka ga masu numfashi. Kwana uku a mako ya isa, minti ashirin zuwa talatin, da sassafe, a gudun da mutum zai iya magana da na kusa da shi ba tare da haki ba. Duk mako ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin goma, ba fiye ba, kuma a bar kwana guda tsakani don jiki ya huta. Gudun fanfalaki na kilomita 42 na manya ne da suka shekara suna horo. Ɗalibanka su tsaya a uku zuwa biyar. 'Yan kokawarka ma su shiga, domin tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tahoua a 1975, masu kallo sun sha ganin ƙaƙƙarfa ya faɗi don numfashi ya ƙare masa. Da azumi a dakatar da horon rana gaba ɗaya.

Akwai abin da nake roƙon ka da ka faɗa musu ƙarara, ba da habaici ba: tramol. Wani zai raɗa musu cewa yana hana gajiya. Abin da yake yi shi ne ya rufe bakin ciwo, mutum ya ci gaba da gudu a kan gaɓar da ta lalace, ga farfaɗiya da yake jawowa, ga kamu da ke da wuyar saki. Duk wanda ka kama da shi, ka zauna da shi da mahaifinsa, kada ka tozarta shi gaban 'yan'uwansa, amma ba zai sake gudu a ƙungiyarka ba sai ya bari.

Idan kun dawo, kada ka sallame su a bakin gari. Ka duba ƙafar kowa, ƙaya a cire, kumburin ruwa a wanke a rufe ba tare da an ɓare fatar ba. Ƙanana da 'yan mata a raka su har ƙofar gida. Washegari ka zagaya ka ji yadda aka kwana, ka kuma gaya wa iyaye cewa duk wanda ya yi zazzaɓi cikin mako biyu a kai shi likita a gwada jini, a kuma faɗa wa likitan inda aka je.