Titunan Daura a Zamanin Gyaɗa da Mota: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

1. Manufar Darasi

A zamanin En'e birnin Daura ba shi da masana'anta irin ta Kano ko ta Kaduna, jirgin ƙasa kuma bai iso shi ba. Saboda haka wani ya iya zaton zamanin inji ya wuce ya bar Daura yadda ya same ta. Ba haka ba ne. Injunan suna can Ingila da Faransa, daga baya kuma Kano da Kaduna, amma abin da su ke ci daga gonakin ƙasar Daura ya ke fita, abin da su ke ƙerawa kuwa a titunan Daura a ke tallansa.

Wannan darasi zai bi titunan nan tun daga 1912 har zuwa wajen 1975. Dalili shi ne, ko wane Hakimi yana da littafi biyu. Na ɗaya shi ne na ofis, wanda Malami ke rubutawa. Na biyu shi ne titi da bakin kasuwa, wanda talakawa ke rubutawa da ƙafafunsu. Sau da yawa na biyun ya kan riga na ɗaya faɗin gaskiya.

2. Kafin Zuwan Jirgi

Daura tana kimanin mil 70 arewa da Kano, kimanin mil 50 kuma gabas da Katsina, a kan tsohuwar hanyar fatake mai zuwa Damagaram. Da rani Buzaye su kan sauko da raƙuma ɗauke da gishiri da kanwa da dabino, su koma da hatsi da tufafi da kayan fata. Kuɗin ciniki wuri ne. Hanyoyin cikin gari lunguna ne, faɗinsu daidai yadda jaki da mangala zai wuce, sai fa filin ƙofar fada da na kasuwa. Galibin abin da mutum ke amfani da shi, in ya so ya san wanda ya yi shi, ba sai ya yi nisa ba: maƙeri ya ƙera fartanya da ƙarfen tama, mata sun kaɗa zare a cikin gida, masaƙi ya saƙa, marini ya rina da baba. Ruwa kuwa na rijiya ne, har da Kusugu mai tarihi.

A 1904 Turawa suka mai da sarautar Daura gidan Haɓe, suka naɗa Malam Musa. Ɗansa Sarki Abdurrahman ya hau a 1911, ya yi mulki har 1966, watau mafi yawan abin da za a faɗi a nan a zamanin Sarki ɗaya ya faru. Ƙasar Daura tana cikin Lardin Kano har 1934, sa'ad da aka haɗa ta da Katsina aka yi Lardin Katsina.

3. Jirgi ya Tsaya Kano, Gyaɗa ta Tashi

Hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga su ke sa rai, domin masaƙun Manchesta. Amma manoma suka yi nasu lissafi, suka zaɓi gyaɗa. Masana'antun Turai suna neman manta don yin sabulu da man shafa wa burodi, saboda haka kuɗinta ya fi. Tana kuma son jigawa irin ta ƙasar Daura, ana iya shuka ta tsakanin gero, in kuwa kasuwa ta faɗi mutum ya ci abarsa. Ba mai cin auduga.

Akwai dalili na huɗu wanda ya shafi Hakimai kai tsaye. Haraji da jangali sun koma na tsabar kuɗin Turawa. Wuri ya mutu, fam da sule da sisi da taro da kwabo da anini suka maye gurbinsa. Kwabo 12 sule 1 ne, sule 20 kuma fam 1. Manomi ba shi da hanyar samun sulen haraji da ta fi gyaɗa sauƙi. Da farko jakuna da takarkarai da raƙuma ke kai ta Kano, tafiyar kwanaki. Da aka gyara hanya manyan motoci suka yawaita, tafiyar ta koma ta yini guda.

4. Titi da Kaka

Wanda ya ke son ganin wannan zamani a idon zuci, sai ya ɗauki rana ɗaya ta kaka, bayan an tone gyaɗa, hunturu ya fara busawa.

Tun kafin a fito sallar Asuba a ke jin amon turmi daga bayan katangu, mata suna ɓarar gyaɗa. Daga baya injin ɓara na hannu ya rage wannan aiki, ya kuma rage karyewar ƙwaya. Gari na wayewa sai 'yan talla su cika lunguna da koko da ƙosai da waina, ko wace yarinya da kiran hajarta. 'Yan ga-ruwa sun nufi rijiya, ko wanne da sanda a kafaɗa da garwa biyu. Garwar nan abin lura ce: kananzir aka kawo a ciki daga ƙetare, da ya ƙare ta zama tulun zamani, ta zama ma'aunin manja da man gyaɗa, in ta huje kuma a fasa ta a yi ƙyauren ɗaki.

Da hantsi jakunan ƙauye sun fara shigowa, buhu biyu biyu. Ba dukansu ke isa wurin sikeli ba. 'Yan baranda su kan tare manomi tun a bayan gari, su saye kayansa da mudu a kan kuɗi kaɗan, su kuma su kai sikeli su ci riba. Wani manomin ma tun da damina ya ci kuɗin gyaɗarsa bashi, yanzu biya ya kawo. A wurin awo akwai malamin sikeli da fensir a kunne, da masu ɗinkin buhu, da 'yan dako. Gardama ba ta ƙarewa: mai saye ya ce an zuba yashi da tsakuwa, mai sayarwa ya ce an danne sikeli. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, a 1954 kuma Jihar Arewa ta sami tata hukumar. Tun daga sa'an nan a kan yanke farashi a farkon kaka, wakilai masu lasin su saya. Wannan ya rage hawa da saukar kuɗi cikin shekara, amma abin da a ke ba manomi sau da yawa bai kai na kasuwar duniya ba, rarar kuwa tana hannun hukuma.

Da azahar sai tasha ta ɗauki zafi. 'Yan kamasho suna kiran Kano, karen mota yana ɗaure kaya, fasinja sun hau bisa buhuna. Buhunan nan su ne a ke jerawa a Kano su zama dalar gyaɗa, suna jiran jirgin da zai kai su Ikko. Motar da ta tafi da gyaɗa da fatu ba ta dawowa wofi. Ta kan zo da akoko da alawayyo da atamfa, da kananzir, da ashana, da sukari, da sabulu, da kwanonin sha masu fenti, da kwanon rufi. Ta yiwu sabulun da mace ta saya ran kasuwa, da man gyaɗar gonar mijinta aka yi shi.

A cikin wannan hayaniya ma'aikatan En'e ke yawo. Ɗan doka yana korar dabbobi daga hanyar mota. Duba-gari yana leƙa randa da kwata, matan gida suna jin tsoronsa fiye da na Alƙali. Mai Unguwa da Malamin haraji suna bin gida gida da rasit, don sun sani in kaka ta wuce kuɗi sun wuce. Da la'asar dattawa su zauna gindin bedi, wanda ya yi makaranta ya karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Da dare masu tsire da masu tebur su kunna aci-bal-bal, mai hali ya kunna fitilar ƙwai. In motar majigi ta zo, gari duka ya taru a fili.

5. Wanda ya Samu da Wanda ya Rasa

Zamanin bai yi wa masu sana'a rabo daidai ba. Masu narkar da tama su suka fara barin aiki, don maƙera sun sami ƙarfe mai araha daga tsofaffin motoci da tarkacen jirgi. Maƙeran kansu ba su faɗi ba, gama noman gyaɗa ya ƙara neman fartanya da garma. Masaƙa da mata masu kaɗi sun sha wuya a hannun yadin kanti, musamman bayan da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957. Marina ta ragu, karofi da yawa suka cike da shara. Masu gyartai suka ga kwano ya kori ƙwarya daga ɗakin amarya. Fataken jakuna kuwa mota ta karɓe musu dogon zango, ta bar musu na ƙauye zuwa gari.

A gefe guda sababbin sana'o'i suka tsiro a bakin titi: tela da keken ɗinki, mai gyaran keke, makaniki, direba, ɗan tebur, mai shayi, da malamin rubuta wasiƙa. Mahauta da majema sun sami kasuwar fata da ƙirgi. Matan aure ma, ba tare da sun fito ba, sun shiga cinikin: su soya gyaɗa, su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli, yara su kai titi. Sana'ar da ta iya amfani da kayan zamani ta rayu, wadda ta yi karo da su kai da kai ta durƙushe.

6. Titi da Rani da Bazara

Bayan an biya haraji an yi bukukuwa, sai gari ya yi sanyi. Samari su ɗauki tabarma da sanda su tafi ci-rani Kano, wasu har Jos wurin haƙar kuza, su kuma mutanen ƙasar Faransa ta arewa su sauko Daura neman abin yi. Da bazara rumbu ya yi ƙasa, mudun gero ya hau.

A nan ne karatun titi ke da amfani. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a ke kira Kakalaba, ta zo ne daidai lokacin da cinikin gyaɗa ya fara. Faɗuwar kasuwar duniya bayan 1929 ta karya kuɗin gyaɗa, amma haraji bai sauka daidai da ita ba. Irin wannan masifa ba ta fara bayyana a littafin ofis. Alamunta a titi su ke: awaki da tumaki sun cika kasuwa ba masu saye, dillalai suna yawo da kwanonin amare da rigunan magidanta, masu ci-rani sun fita tun kafin a gama girbi, baƙin mata da yara sun yawaita a ƙofofin gidaje. Hakimin da ya jira rahoto kafin ya sanar da Sarki, ya makara.

7. Ƙarshen Zamanin

Farin 1972 zuwa 1974 ya raunana noman gyaɗa, a 1975 kuma wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta cinye gonaki a duk Arewa. Kuɗin man fetur ya janye hankalin Gwamnati, dalar Kano ta ɓace. Naira ta maye gurbin fam a 1973. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. A 1979 aka soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda Daura ke cikinta a lokacin, a 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara za ta bi ta Daura, watau shekara 110 bayan isowar jirgi Kano. Sabuwar hanya ita ma za ta ɗaukaka wasu sana'o'i ta kā da wasu, yadda mota ta yi.

8. Abin da A Ke Bukata ga Hakimai da Malamai

Littattafan En'e sun adana sunan mai biyan haraji da abin da ya biya, amma ba su adana kiran mai talla ba, ko wurin da sikeli ya ke, ko ranar da aka rufe marinar unguwa. Waɗanda suka gani da idonsu sun tsufa, kullum kuwa raguwa su ke yi. Saboda haka ana roƙon ko wane Hakimi ya sa Malaminsa ya yi waɗannan abubuwa:

(a) Ya zauna da dattawa, maza da mata, da Sarkin Kasuwa da Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa, ya rubuta abin da suka faɗa da bakinsu, kada ya gyara musu magana.

(b) Ya rubuta wuraren da tsohuwar tasha da wurin awon gyaɗa da marina da zangon fatake su ke, da abin da ke wurin yanzu.

(c) Ya rarrabe abin da mutum ya gani da abin da ya ji an faɗa. In ba a san shekara ba, a ɗaure labarin da zamanin Sarki ko Hakimi, ko da wata yunwa.

(d) Ya riƙa rubuta kuɗin mudun gero da na akuya ko wace ranar kasuwa, ya kai wa Hakimi a ƙarshen wata.

Tambayoyi

1. Waɗanne dalilai suka sa manoman ƙasar Daura suka fi son gyaɗa bisa auduga?

2. Don me maƙera suka ɗore, masu narkar da tama suka bari?

3. Waɗanne alamu na ƙuncin abinci Hakimi zai iya gani a kasuwar gundumarsa kafin rahoto ya iso ofis?

4. Wace sana'a ce a gundumar ta fi dogara ga motocin Kano, me kuma zai same ta in jirgi ya fara tsayawa Daura?