Intanet Da Raunin Hadda

A tsangaya ba a wanke allo sai almajiri ya haddace karatunsa. Sanin rubutun zai tafi shi ke sa zuciya ta riƙe. Binciken Betsy Sparrow ta Jami'ar Kolumbiya, a Amurka, cikin 2011, ya nuna mutum ya kan yi sakaci da abin da kwamfuta ta ajiye masa, watau ya tuna ma'ajiyar, ya mance maganar.

Manzon Allah (S.A.W.) ya kamanta mahaddacin Alƙur'ani da mai ɗaurarren raƙumi, wanda in ya sake shi sai ya tsere. Duba aya a intanet ba laifi ba ne. Amma limamin da ya bar tilawa domin Alƙur'ani na cikin wayarsa, ranar da ya kakare a sallar Asuba sai ya jira mamu su gyara masa.