Kafin Ka Sa Diga a Ƙasar Dakoro

Ɗana, da kai nake: kai da ka samu kwangilar ɗibar marmara da tsakuwa don aikin hanya, da kai mai yankan ƙasar bulo a bayan gari, da kai da ka ɗaure kaya za ka bi ƴan zinariya. Ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramukan zinariya suka rufta a Garin Liman ta Ɗan Isa, kudu da Maraɗi. Gawa 18 aka fara ƙirgawa, daga baya hukuma ta rufe wurin. Mutane ne suka yi ta haƙa babu tsari har ƙasa ta gaji. Tamu ta Dakoro kuwa jigawa ce, ruwan sama kaɗan, iska mai yawa. Ramin da ka bari yau, jikanka zai tarar da shi.

ABIN DA ZA KA YI

1. Karɓi takardar izini daga ma'aikatar ma'adinai kafin ka taɓa ƙasa. Gona taka ce, amma abin da ke ƙarƙashinta na gwamnati ne. Haka dokar ma'adinai ta 2022 ta tanada, haka ta 1993 da ta gabace ta.

2. Kai mai gona da maigari gaban Kofo, hukumar filaye, a rubuta iyaka da diyya da ranar mayar da fili. Shaidar baki tana mutuwa da mai ita.

3. In aikin babba ne, yi binciken muhalli, ka jira amincewar BNEE, ofishin tantance muhalli na ƙasa. Dokar 2018 ta wajabta, kuma ranar da aka tsayar da kai, hayar katafila ba ta tsayawa.

4. Kankare ƙasar sama ka tara ta gefe, ita kaɗai, ka danne ta da kara kada iska ta kwashe. Ita ke ciyar da gero. Jar ƙasar da ke ƙarƙashi ko ƙarangiya da ƙyar take fitarwa.

5. Cire kuɗin cike rami daga kowace kamiyo da ta fita, ka ajiye inda hannunka ba ya kaiwa da sauƙi. Ranar da aiki ya ƙare aljihu ma ya ƙare. Dubi Arlit: mahaƙar Cominak ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tulin dusar uraniyom kusan tan miliyan 20, aka yi ta aikin lulluɓe shi da yumɓu da duwatsu shekara da shekaru. Wancan kamfani ne mai injiniyoyi da banki a bayansa. Kai wa ke bayanka?

6. Yanka bangon rami a gangare, mataki-mataki, ka kewaye bakinsa da ƙaya. Bango tsaye cikin yashi kabari ne da ke jiran mai shi.

7. Cike kowane ɓangare da ka gama kafin ka buɗe na gaba. Mayar da ƙasar sama, zuba taki, haƙa ramukan rabin wata su tare ruwa, dasa bagaruwa da aduwa da farar ƙaya, ka sa mai gadi har su fi ƙarfin akuya. Dashen da aka yi don a ɗauki hoto ba ya ganin bazara.

8. Kira ma'aikatan muhalli su taka wurin da ƙafarsu, su ba ka shaida a rubuce. In babu ita, duk abin da ya faɗa can kai za a nema.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka haƙa a burtali, ko makiyaya, ko bakin rijiyar dabbobi. Dokar kiwo ta 2010 ta kare su, kuma garkunan da ke hawa da sauka ta Kwarin Tarka ba su da wata hanya. Ka toshe ta, su faɗa gonar wani. Tambayi tsofaffi abin da rikicin gona da kiwo ya jawo a Toda a 1991.

2. Kada ka shiga rami da damina, kada ka bi jijiya ta ƙarƙashin ramin wani. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta yin sallama.

3. Kada ka kai dutsen zinariya gida a daka. A Zamfara, 2010, haka aka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: ana daka da niƙa a tsakar gida, ƙurar dalmar da ke cikin dutsen ta bi tabarma da kwano da hannun yaro mai rarrafe. Yara fiye da 400 suka mutu, waɗanda suka tsira da yawansu ƙwaƙwalwa ta taɓu. Sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida ana kawo sabuwa, ƙauyen Bagega kuma sai 2013 aikin ya iso shi. Turmin hatsi na hatsi ne.

4. Kada ka ƙona mekuri a ɗaki, kada ka zubar da ruwan wankin zinariya kusa da rijiya ko tabki. Gubar ba ta ruɓewa, kuma ka san nisan ruwa a ƙasarmu: rijiya ɗaya ta ɓaci, rugage da ƙauyuka sun shiga uku.

5. Kada ka zura yaro rami don jikinsa ƙarami ne. Doka ta hana, uwarsa kuma ba za ta karɓi diyya ta yafe maka ba.

6. Kada ka sare gawo don kamiyo ta samu wurin juyawa. Direba ya zagaya. Shekarun itacen sun fi na kwangilarka.

7. Kada ka miƙa goro ka ɗauka ka gama da doka. Jami'in za a canza masa wurin aiki, ramin yana nan da sunanka.

8. Kada ka gudu ka bar kududdufi ka ce ka yi wa gari kyautar tabki. Na sha jin wannan, yawanci daga bakin wanda ya cinye kuɗin cikewa. In gari na son mashaya, hukumar gari ta rubuta, a kwantar da gefe ɗaya yadda saniya za ta sauka ta hau, a killace sauran. In ba haka ba, abin da ka bar musu sauro ne da tsargiya, da ruwan da yaro mai kiwo zai shiga wanka cikin Agusta bai san zurfinsa ba.