Filin Manoma: Arzikin Daji Yana Ga Yawan Irinsa

Wanda ya taɓa ziyartar Dutsen Mesa ko Dutsen Habude a Birnin Kudu ya ga zanen shanu da mutanen dā suka bari a jikin dutse. In ya duba da kyau zai ga shanun nan ba su da tozo. Yau kuwa ko ya zaga rugagen ƙasar nan duka, daga Birnin Kudu har Gwaram, masu tozo zai yi ta gani. Ashe iri yakan ƙare a ƙasa, ya bar zanensa kaɗai. Abin da ya sami waɗancan shanu yana iya samun itace, ko tsuntsu, ko ƙwaro. Darasin wannan mako ke nan.

Mutane da yawa suna zaton daji yawan itatuwa ne kawai. Ba haka ba ne. Abin da ke sa daji ya amfani manomi shi ne yawan iri dabam dabam da ke cikinsa, domin kowane iri yana yi wa wani aiki. Don a gane wannan sosai, sai a fara duba wani daji mai nisa, sa'an nan a komo gida.

DAJIN BAKIN TEKU

A Jihar Akwa Ibom, daf da teku, akwai gandun daji da ake kira Stubbs Creek, wanda aka keɓe tun 1930. Wani sashensa kurmi ne, wani fadama, wani kuwa laka ce wadda ruwan gishiri ke hawa ya sauka sau biyu kowace rana. A cikin lakar nan wani itace ke fitowa, Turawa suna ce masa mangurof. Saiwoyinsa a waje suke, sun yi cirko-cirko kamar ƙafafu, suna riƙe laka kada teku ta kwashe ta.

To, ga yadda aikin yake. Ganyen itacen ya faɗa ruwa ya ruɓe, ƙaguwa da ƙananan ƙwari su ci. 'Ya'yan kifi da na jatan lande su ɓuya cikin saiwoyi, suna cin ƙwarin, har su yi ƙarfin fita teku. Tsuntsaye da kada su ci kifi. Masunta kuma su kama, su shanya, fatake su saro su kai kasuwanni masu nisa. A dazuzzukan wannan yanki har akwai wani biri da ba a samunsa ko'ina a duniya sai kudancin Nijeriya.

A 1906 aka kawo wata irin kwakwa mai suna nipa daga Singafo, aka dasa a Kalaba don ta tare zaizayar gaɓa. 'Ya'yanta suna bin ruwa, duk inda aka sare mangurof don itacen wuta sai ta riga shi kama wurin. Mai wucewa cikin jirgin ruwa zai ga gaɓa kore shar, ya ce daji na nan. Masunta su suka san bambanci, gama kifi ba ya samun maɓoya da abinci a gindinta kamar yadda yake samu a wancan. Ganye bai ragu ba, iri ne ya ragu.

DAJIN GIDA

Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta fi ta Gumel da Maigatari samun ruwan sama, ga duwatsu, ga koguna irin su Bunga. Saboda haka itatuwanta iri-iri ne: ɗorawa, kaɗanya, kuka, tsamiya, marke, kanya, ɗinya, ƙirya, taura, madobiya, gawo, da giginya a bakin rafi. Tun zamanin En'e aka keɓe gandayen daji a wurare da dama. Kamar dajin bakin teku, nan ma kowa da aikinsa. Ga misalai huɗu.

Na ɗaya, jemage. Tutun ɗorawa da dare yake zubo ruwan zaƙi. Jemage ya zo sha, garin furen ya manne masa a gashi, ya kai wa wata ɗorawar, ta haka take ɗaukar 'ya'ya. Ƙudan zuma yana taimakawa da sassafe. Furen kuka da na rimi su ma jemage ne babban mai yi musu wannan barbara. Yaron da ke harbin jemage da danƙo, daddawar uwarsa yake ragewa bai sani ba.

Na biyu, ƙudan zuma. Kaɗanya tana fure da rani, ƙudan zuma ne ke kai garin furenta daga wannan zuwa wancan. Amma ba za ta ciyar da shi shekara duka ba, sai ya sami furen wasu itatuwa a sauran watanni. Wani bincike da aka yi a kudancin Burkina Faso, aka buga a 2020, ya nuna kaɗanya ta fi yin 'ya'ya a inda itatuwa da ƙananan bishiyoyi suke iri-iri. Wanda ya sare kome ya bar kaɗanya kaɗai, ita ma ya cuce ta.

Na uku, tsuntsaye. Shamuwa da balbela suna cin fara da tsutsa a gona. Mujiya, wadda ake jifa don camfi, ɓeraye take kamawa da dare, su ne kuwa ɓarayin rumbu. Ungulu tana kawar da mushe kafin cuta ta yaɗu. Amma ta yi ƙaranci ƙwarai saboda guba da farautar masu sayar da sassan jikinta, har a 2015 masana na duniya suka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Dukansu suna bukatar manyan itatuwa don sheƙa ko wurin kwana.

Na huɗu, gawo. Shi ganyensa da damina yake zubarwa, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin tumaki da awaki ne da rani. Dabbobi su huta a gindinsa, su bar taki.

INDA ƁARNA TAKE

Gatari ba ya sara da ka, zaɓe yake yi. Mai gawayi ƙirya da marke yake nema. Madobiya, wadda makiyaya ke sassaɓo wa shanu ganyenta, an yi ta sararta ana kai katakonta ƙasar Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta ƙayyade cinikinsu tun daga 2017. Gobarar daji ta ƙarshen rani tana ƙone fure da ƙananan tsiro. Masu cin zuma da wuta suna kashe ƙudan gaba ɗaya.

Wani zai ce ai ana dasa darbejiya. Gaskiya ne, tun da aka kawo ta Borno a 1928 ta yi amfani wajen inuwa da tare iska. Amma ba ta ba da kalwa, ba ta ba da man kaɗe, ba a miya da ganyenta. Darbejiya ɗari ba su maye gurbin ɗorawa ɗaya a tukunyar uwargida. Kaɗanya kuwa takan yi shekara 15 ko 20 kafin ta fara 'ya'ya, wanda ya sare ta yau ɗansa ne zai ji a jika.

ABIN DA ZA A YI

1. In ana sharar gona, kada a tumɓuke kututture mai toho. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Manoman Maraɗi sun kama wannan dabara tun 1983, ta bazu a kudancin Nijar, har aka ƙiyasta ta komo da itatuwa kamar miliyan 200.

2. A bar iri dabam dabam a gona, kada a tsaya ga ɗaya.

3. A share hanyar tare wuta kewaye da gandun daji da zarar kaka ta wuce.

4. A kafa amya, a ɗebi zuma da hayaƙi kaɗan, a bar wa ƙudan rabonsa.

5. Kada a yi feshin maganin ƙwari da safe sa'ad da ƙudan zuma ke kan fure.

6. Mai sayen gawayi ko katako ya tambayi inda aka saro. Malamin ofis da takardar yanka gona cikin gandu ta zo hannunsa, ya tuna gandun nan shi ne rumbun iri na ƙasa duka.

Ba manomin kirki da ke cinye irin shukarsa don yunwar wata ɗaya. Gandun daji ma iri ne aka ajiye. Daga can jemage da tsuntsu ke ɗauko 'ya'yan kanya da na ɗinya su yar a gonaki, daga can ƙudan zuma ke fitowa. Kalwar da ake aunawa a kasuwar Sara, da kukar da ke cikin miyar dare, duk da hannun waɗannan ma'aikata da ba a biyansu ko kwabo. Allah ya ba manoma damina mai albarka, amin.