Musanya Injin Mai Sanyaya Kansa da Iska a Tsohuwar Mota: Abin da Ya Kamata Mai Mota da Bakanike Su Sani

Injin mota iri biyu ne ta fuskar yadda yake fitar da zafinsa: akwai wanda ruwa ke zagaya cikinsa ya je lagireto ya huce, akwai kuma wanda ba ya shan ruwa ko kaɗan, iska da baƙin mai ne suke sanyaya shi. Na farkon shi ne ya zama ruwan dare a Kaduna, musamman tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, na biyun kuwa ya yaɗu ne ta hanyar Volkswagen, wanda shi ma ya soma harhaɗa Beetle a Legas a wannan shekarar. A yau kanikawan da suka ƙware a irin wannan inji sun yi ƙaranci, ga shi kuma ragowar Beetle da Kombi da ake kawowa garejojin Unguwar Shanu da Abakpa da makwabtansu sau da yawa suna zuwa ne da buƙata guda, wato a cire injin da ya gaji a ɗora wani da aka samo na hannu.

Motocin ƙwalisa masu gudu na wancan zamani, irin su Porsche 356 da Karmann Ghia, ba su da yawa a Arewa, amma ƙa'idar aikinsu ɗaya ce da ta Beetle, domin lokacin da Ferry Porsche ya ƙera 356 ta farko a garin Gmünd na ƙasar Ostiriya a 1948, da sassan Volkswagen ya gina ta. Karmann Ghia, wadda aka yi daga 1955 zuwa 1974, gangar jikinta ce kawai ta bambanta, ƙarƙashinta na Beetle ne. Wannan dangantaka ta sa injinan suke haɗuwa da akwatin giya ta ƙusoshi huɗu masu mazauni iri ɗaya, kuma a nan ne kuskure yake farawa, saboda mutum yakan ga inji ya zauna, noti ya ɗaure, mota ta tashi, sai ya ɗauka aiki ya kammala, alhali shigar inji daban take da dacewarsa.

Abu na farko da ake dubawa shi ne mahaɗar inji da giya. Fulayiwil, wato faifan ƙarfe mai haƙora da ke bayan inji wanda kik yake juyawa wajen tayar da mota, ya canja lokacin da Volkswagen ya koma daga lantarki mai ƙarfin volt 6 zuwa mai 12 a motocin ƙirar 1967: tsohon yana da haƙora 109, sabon yana da 130 kuma ya ɗan fi faɗi. Idan aka tura sabon cikin bakin tsohon akwatin giya ba tare da an rage kaurin bangon ba, haƙoran za su riƙa cin ƙarfen, idan kuma aka bar tsohon kik, haƙoransa ba za su dace da na sabon faifan ba. Haka nan kulochi yana da mai faɗin milimita 180 da mai 200, kuma injin da ya fi ƙarfi yakan sa ƙaramin ya riƙa sulɓewa a kan hawa.

Amma inda aikin gareji ya fi nuna asara shi ne wajen sanyaya. Injin iska ba gangar ƙarfe ba ce kawai. Tare yake da fanka, da bel ɗin da ke juya ta, da rumfar gwangwani da ke tattara iskar ta tura ta kan silinda, da ƙananan gwangwanaye da ke ƙarƙashi, da robar da ta zagaye ɗakin inji. Aikin gwangwanayen da robar shi ne raba sama da ƙasa, ta yadda fanka za ta ja iska mai sanyi daga sama, wadda ta ɗauki zafi kuma ta fita ta ƙasa ba tare da ta dawo ba. Injin na hannu kuwa yakan iso da wasu gwangwanayen a ɓace ko a lanƙwashe, a ɗora shi haka, a bar giɓin da hannu zai iya shiga tsakaninsa da jikin mota. Ta wannan giɓi fanka take sake zuƙo iskar da ta gama gasa silinda da salansa, kuma da yake babu ruwan da zai tafasa ya yi gargaɗi, direba ba ya sanin halin da ake ciki sai inji ya buga.

Silinda ta uku, wadda take ɓangaren hagu ta wajen gaban mota, ita ce ta fi shan wahala a tsofaffin injina, saboda na'urar sanyaya baƙin mai tana tsaye a cikin rumfar fanka a kan hanyar iskar da ke zuwa gare ta. A 1971 kamfanin Volkswagen ya fitar da na'urar zuwa wani ɗaki na dabam a bayan rumfar, ya kuma faɗaɗa fankar, don haka gauraya rumfar wannan ƙirar da fankar waccan yakan rage iskar da ke kaiwa ga inji. Akwai kuma al'adar cire ƙofofin iska da ke cikin rumfar bisa hujjar cewa ƙasarmu ba ta da sanyin Turai, alhali ƙofofin, ko a buɗe suke, suna taimakawa wajen karkatar da iska zuwa kan silinda inda zafi ya fi taruwa.

Yanayin Kaduna yana ƙara wa wannan batu nauyi. A watannin Maris da Afrilu iskar da fanka take ja ta riga ta yi zafi, a lokacin hunturu kuma ƙura tana haɗuwa da man da ke yoyo ta toshe tsakanin fikafikan silinda, wato siraran ƙarafan da ke watsa zafi. Jan mota a babbar giya tana tafiyar hawainiya yana gajiyar da irin wannan inji, domin gudun fanka yana bin gudun inji ne. Injin Beetle lita 2.5 kawai na baƙin mai yake ɗauka, ba shi da matata sai rariya, saboda haka jinkirin juye mai ya fi yi masa illa fiye da injin zamani. Bakaniken da ya san aikinsa yakan auna tazarar bawul da safe inji yana sanyi, ya saita ta a milimita 0.15, kuma idan ya ga tazarar silinda ta uku tana tsukewa daga wannan awo zuwa na gaba, ya san bawul ɗin yana miƙewa saboda zafi, yana gab da tsinkewa.

Idan aka tsallaka zuwa wani dangin inji, aikin yakan ninka. Injin da ake kira Type 4, wanda aka sa a Porsche 914 da 912E ta 1976 da wasu Kombi, fankarsa tana kan ƙarshen kiranshaf ne, don haka sai an sake masa tsarin fanka gaba ɗaya kafin ya yi aiki a ɗakin injin Beetle ko 356. Na Porsche 911 mai silinda shida yana buƙatar tankin baƙin mai na dabam, kuma nauyinsa a bayan ƙafafun baya yana canja yadda mota take shan kwana. Duk ƙarin ƙarfi yana neman ƙarin birki, shi ya sa Porsche ya sanya birki mai faifai a ƙafafu huɗu na 356C a 1963.

Saboda haka, wajibi ne mai mota ya nemi a nuna masa gwangwanaye da roba a cike kafin ya karɓi motarsa, ya tabbatar an shigar da lambar sabon inji a takardun mota don kauce wa matsala da jami'an duba ababen hawa, ya kuma adana injin asali ko da ya lalace, domin darajar tsohuwar mota a wurin masana tana tare da injin da ta fito da shi. Bakanike kuma haƙƙi ne a kansa ya faɗi gaskiyar kuɗin cikakken aiki tun farko, ya ƙi karɓar wanda za a yi rabi da rabi, tun da araha ba ta ado, kuma waɗannan injina an daina ƙera su, duk wanda ya ƙone samun madadinsa yana ƙara wuya kowace shekara.