Rumbun Lantarki: Zaɓen Batirin Litiyam da Lissafin Tsadarsa

A garin Ɗanzomo na Ƙaramar Hukumar Sule Tankarkar, da sauran garuruwan ƙasar Gumel kamar Maigatari da Gagarawa, hasken rana ba abin nema ba ne. Tun daga shekarar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur har farashinsa ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, magidanta da masu shagunan cajin waya da dama suka ajiye janareta suka ɗora farantan sola a kan rufi. Sai dai faranti yana aiki ne muddin rana tana sama. Da magariba ta yi, lokacin da ɗalibi ke bukatar fitila, mai jego kuma ke bukatar fanka, farantin ya tashi daga aiki. Abin da ya rage shi ne wutar da aka tara a batir, kamar yadda iyali ke cin abin da ke rumbu bayan damina ta wuce. Batir ne ya fi saurin mutuwa a cikin kayan sola, kuma sau da yawa shi ne ya fi cin kuɗi.

Doki da raƙumi

Kuskuren farko da ake yawan yi shi ne ɗauko batirin mota a haɗa shi da sola. An ƙera batirin mota ne domin ya ba da wuta mai ƙarfi cikin daƙiƙa biyu ko uku ya tayar da inji, daga nan injin ya mayar masa da abin da ya kashe. Batirin ajiya kuwa an yi shi ne domin ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan tsawon dare. Ɗalibin ilmin halittu ya san irin wannan bambanci a jikin dabbobi. Tsokar ƙirjin kaza fara ce, tana ba ta ƙarfin fiffika na ɗan lokaci sannan ta gaji. Tsokar ƙirjin tattabara ja ce, tana jure tashi mai nisa. Wanda ya sa batirin mota aikin dare ya ɗora wa dokin sukuwa kayan raƙumi ke nan, kuma cikin 'yan watanni zai kwanta. A Turai da Amurka, masu motocin nan da ake gina wa ɗakin kwana da madafa a ciki domin yawon hutu suna ɗaukar batura biyu saboda wannan dalili: ɗaya na tayar da inji, ɗaya na fitila da firji.

Baturan ajiya da ke kasuwa iri biyu ne. Na farko shi ne na dalma, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. A cikinsa akwai ɗakuna 6, kowanne yana ba da bolt 2, jimilla bolt 12, kuma faifayen dalma ne ke jiƙe cikin ruwan asid, wato abin da makanikai ke kira ruwan batir. Yayin da ake jan wuta, fuskar faifayen tana rikiɗa ta zama wani irin gishirin dalma, caji kuma ya mayar da ita yadda take. Idan aka bar batirin babu caji kwana da kwanaki, gishirin yana daskarewa ya ƙi narkewa, kuma wannan sashe na faifan ya mutu ke nan.

Na biyu shi ne na litiyam. Wani masanin sinadarai ɗan Suwidin, Johan August Arfwedson, ya gano litiyam a 1817. Shi ne na 3 a jadawalin sinadarai, kuma babu ƙarfen da ya kai shi rashin nauyi: nauyinsa kusan rabin na ruwa ne, alhali dalma ta ninka ruwa nauyi sau 11. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da batirin litiyam mai karɓar caji a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino Kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda aikinsu a kansa. A wannan batir ƙwayoyin litiyam ne ke kai-da-kawo tsakanin gidaje biyu. Lokacin caji suna ƙaura zuwa cikin giraffait, baƙin abin nan na cikin fensir. Lokacin aiki kuma su dawo. Kamar fatake ne da ke zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis su koma gida, gidan yana nan, kasuwar tana nan. Da yake gidajen ba sa rushewa a sake gina su kowane dare, batirin ya fi daɗewa.

Shi ma litiyam iri-iri ne. Na wayar hannu yana ɗauke da kobalt, ma'adinin da kusan kashi 70 cikin 100 nasa ake haƙowa a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Wannan iri yana tara wuta da yawa a ƙaramin jiki, amma idan ya yi zafi ƙwarai ko ya huje yana iya kama wuta. Irin da ya dace da gida shi ne na ƙarfe da fosfet, wanda ake rubuta LiFePO4 ko LFP a jikinsa, kuma a dakin binciken Goodenough a Jami'ar Texas aka bayyana shi a tsakiyar shekarun 1990. Fosfet ba baƙo ba ne ga ɗalibi, domin shi ne ke cikin ƙashi da haƙori da takin zamani, da shi ne kuma ƙwayoyin halitta ke ajiye kuzarinsu. A cikin batir yana riƙe iskar oksijin gam, don haka ba ta saurin kuɓucewa ta ciyar da gobara. Kowane ɗakinsa yana ba da bolt 3.2, idan aka jera 4 an sami bolt 12.8.

A fara da lissafin bukata

Mai saye ya kan tambayi mai shago, "Nawa ne mai 200?" Lambar da yake nufi ita ce wadda ke gaban haruffan Ah, wato awon yawan wutar da batirin ke ɗauka. Ita kaɗai ba ta isa ba. Sai an ninka ta da bolt sannan a san ainihin abin da ke rumbun, wanda ake aunawa da wat-awa: abin da ke cin wat 10, idan ya yi awa 5 a kunne, ya ci wat-awa 50.

A ƙaddara wani gida a Ɗanzomo yana da ƙwan fitila 4 masu cin wat 10, ana kunna su awa 5. Wannan 200 ke nan. Fanka mai wat 40 tana juyawa awa 8, wato 320. Talabijin mai wat 60, awa 4, ya ci 240. Wayoyi 10 na gida da na maƙwabta, kowace kimanin 10, sun ci 100. Jimilla 860. Inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ita ma tana cin nata ladan, don haka a ƙara kashi 15 cikin 100. Bukatar gidan ta zama kusan wat-awa 1,000 kowane dare.

Batirin dalma mai bolt 12 da Ah 200 yana ɗauke da 2,400. Amma rumbu ne da ba a so a ci fiye da rabinsa, domin duk daren da aka kwashe shi har ƙasa an rage masa kwana. Abin amfani a cikinsa 1,200 ne. Batirin litiyam mai bolt 12.8 da Ah 100 yana ɗauke da 1,280, kuma ana iya cin kashi 80 cikin 100 ba tare da an cutar da shi ba, wato 1,024. Ashe litiyam mai 100 yana yin kusan aikin dalma mai 200. Na dalmar ya kan kai kilo 60, sai ƙarti biyu. Na litiyam bai cika wuce kilo 13 ba.

Araha ba ta ado

A duniya farashin batirin litiyam ya faɗi ƙwarai: daga sama da dala 1,000 kan kowane wat-awa 1,000 a shekarar 2010 zuwa kimanin dala 115 a 2024, ga manyan masu saye irin kamfanonin motoci. Mai saye a Jigawa bai ji wannan sauƙi sosai ba, domin daga waje ake shigo da baturan, mafi yawa daga Sin, kuma bayan da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. Abin lura shi ne, ana haƙo dutsen litiyam a jihohi irin su Nasarawa da Kwara da Kaduna, har an buɗe masana'antar tace shi a Jihar Nasarawa a 2024, amma ana fitar da shi ne ya dawo a matsayin batir da tsada.

Tun da farashi yana sauyawa daga wata zuwa wata, hanyar lissafi ce ta kamata a riƙe. Tambayar ita ce: nawa kowane dare zai ci? Batirin dalma na ajiya ya kan jure ci da ciko daga sau 500 zuwa sama da 1,000, gwargwadon ingancinsa da kulawar da ya samu. Masu ƙera LFP kuwa suna faɗin sau 3,000 ko fiye. Domin misali kawai, a ce na dalma naira 300,000 ne kuma ya yi dare 600. Kowane dare ya ci naira 500. A ce na litiyam naira 450,000 ne kuma ya yi dare 3,000, wato sama da shekara 8. Kowane dare ya ci naira 150. Ko da an yi wa alkawarin kamfani kallon maganar dillali aka raba shi biyu, naira 300 ne, har yanzu yana ƙasa.

Wannan lissafi ba kowa yake yi wa daidai ba. Mai shagon caji da ke cinye batir kullum, ko ɗakin shan magani da ke karɓar haihuwa da dare, ko makarantar kwana, su ne za su ci ribar litiyam. Wanda ke kunna fitila jefi-jefi ba zai taɓa cinye dare 3,000 ba kafin tsufa ya kama batirin, domin batir yana tsufa ko yana aiki ko yana ajiye. Ga manomin da kuɗinsa ke shigowa sau ɗaya a shekara, bayan ya sayar da riɗi ko zoɓo, bambancin naira 150,000 na iya zama kuɗin takin baɗi, kuma ba a ce ya yi wauta ba idan ya zaɓi dalma da idonsa buɗe.

Zafi

Alkaluman da ke jikin kwali an auna su ne a digiri 25. A arewacin Jigawa, zafin watannin Afrilu da Mayu ya kan haura digiri 40, cikin shagon kwano kuwa ya fi haka. Ƙa'ida ce da ɗalibai suka sani daga darasin narkewar abinci cewa ƙarin digiri 10 ya kan ninka saurin aikin sinadarai kusan sau biyu. Shi ya sa nama ke saurin lalacewa da bazara. Haka lalacewar batir take. Na dalma yana rasa kusan rabin kwanansa a duk ƙarin digiri 10, ruwansa kuma yana ƙafewa, sai an riƙa ƙara masa tataccen ruwa. LFP ya fi juriya, amma shi ma zafi yana cinsa, musamman idan ya zauna cike taf cikin zafi. Masu motocin yawon hutu na Turai damuwarsu sanyi ce, don cajin litiyam ƙasa da digiri 0 yana lalata shi, har sukan biya ƙarin kuɗi su sayi mai na'urar ɗumama kansa. Mutumin Gumel ba ya bukatar biyan wannan kuɗi. Abin da yake bukata shi ne inuwa da iska: ɗakin ƙasa ko zaure ya fi shagon kwano.

A gaban mai shago

Kowane batirin litiyam na ƙwarai yana da na'urar tsaro a ciki, wadda ake rubuta BMS a takardarsa. Ita ce ke yanke wuta idan caji ya yi yawa, ko ya ƙare, ko zafi ya wuce kima. A duba yawan wutar da ta yarda a ja lokaci guda, domin idan inbata ta fi ƙarfinta, batir zai riƙa ɗaukewa. Na'urar daidaita caji ma dole ta kasance mai saitin litiyam, wanda ke tsayawa tsakanin bolt 14.2 da 14.6. Ba a haɗa litiyam da dalma a layi ɗaya.

Akwai jabu a kasuwa: tsofaffin ɗakunan batir da aka sake wa riga, ko kwali da aka rubuta wa lambar da ta fi abin ciki. Sikelin awon hatsi yana taimakawa, domin LFP mai Ah 100 da nauyinsa bai kai kilo 8 ba abin zargi ne. Gwajin da ya fi tabbas, wanda malami zai iya yi da ɗalibansa, shi ne a cika batirin, a kunna masa kaya masu cin wat 100, a duba agogo. Ya kamata ya haura awa 10. Idan ya ɗauke a awa 5, rabin kuɗin ya tafi a banza, kuma a nan takardar garanti mai sa hannu da kwanan wata take amfani.

Idan an sauya zuwa litiyam, tsohon batirin dalma yana nan a tsakar gida. Jikin ɗan Adam yana ɗaukar dalma tamkar kalsiyam, ya ajiye ta a ƙashi, tana kuma lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta hanyar da ba ta gyaruwa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. A can daga dutsen zinari da ake niƙawa a gidaje ta fito, amma dalmar ɗaya ce da wadda ke cikin batir. Kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada a narka faifayensa a murhu. A mayar da shi ga dillalin batura a rufe yadda yake. Yawancinsu suna sayensa, su rage kuɗin a cikin na sabon.