Hattara da Yoyon Farin Cikon Haƙori

Jama'a, tun da ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Minamata a 2013 don rage amfani da zaiba, likitocin haƙori ke ta barin tsohon ciko mai launin azurfa da ke ɗauke da zaiba, suna komawa ga fari, wanda in an yi shi ba ka bambanta shi da haƙorin da Allah Ya halitta. Ci gaba ne, amma yana da lahanin da ya wajaba kowa ya sani, shi ne yoyo.

Shi farin ciko liƙa shi ake yi. Likita zai share kogon, ya sa wani ruwa mai tsami ya wanke, ya shafa gam, sannan ya riƙa zuba cikon kaɗan-kaɗan, kowane zubi bai wuce kaurin milimita 2 ba, yana haska shi da shuɗiyar fitila har ya sandare. Wajen sandarewar nan cikon yakan ɗan tsuke, kamar kashi 2 zuwa 3 cikin 100. In kuma miyau ko jinin dasashi ya taɓa wurin ana cikin aiki, gam ba zai kama sosai ba. Sai 'yar tsaga ta samu tsakanin ciko da haƙori, wadda ido ba ya gani.

Ku dubi soron ƙasa da damina. Maigida ya yi yaɓe, ya leƙa ya ga sumul, ya kwanta hankali kwance. Ashe a gindin indararo akwai tsaga kamar zare. Ruwa na bi a hankali, azara na jiƙa tana ruɓewa, gara ta samu gida, sama kuwa lafiya lau, har daren da rufi zai rufto wa iyali. Haka miyau da zaƙi da ƙwayoyin cuta ke bin gefen ciko, suna cin haƙori ta ƙarƙashi har su tarar da jijiya. Daga nan sai zogi mai hana barci, sai mugunya, sai kumburin muƙamuƙi, wanda in ya gangara wuya yana iya toshe numfashi.

Abin takaici, mutum zai ga baƙin layi ya zagaye cikonsa, ruwan sanyi na tsinkar masa haƙori, abinci na maƙalewa, amma ya ce ai goro ne ya rina. Sai ya tura kanumfari, wani ma har ruwan batir! Wannan ganganci ne. Jiki amana ne, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe shi. Mai ƙyashin kuɗin dubawa yau, gobe zai biya na cirewa.

Hanyoyin kariya kuwa kun san su: asuwaki, da buroshi da man goge baki safe da dare, rage alewa da lemon kwalba, barin fasa ƙashi da buɗe kwalba da haƙori, da guje wa masu ciko a kasuwa. Wanda aka yi wa ciko ya riƙa kai bakinsa ga likita duk wata 6, ko da ba ya jin komai.